Kwanciyar Rigingine: Haƙuri ko Mutuwar Zuciya?

Gabatarwa

A kowane harshe akwai kalmomin da ba sa tsayawa ga siffanta abu kawai, sai sun haɗa da yanke masa hukunci. Mai magana kan ɗauko irin wannan kalma da nufin ya faɗi abin da idonsa ya gani, amma kafin ya rufe baki ya riga ya zama alƙali, ya kama wani da laifi ba tare da an kira shaidu ba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kalmomi ita ce kalmar Ingilishi ta “supine”. A ma'anarta ta asali tana nufin mutumin da ya kwanta a kan gadon bayansa, fuskarsa na duban sama, wato abin da Bahaushe ke kira kwanciyar rigingine. A ma'anarta ta biyu kuwa, wadda ta fi yawo a jaridu da littattafan siyasa, tana nufin mutum ko al'ummar da zuciyarta ta mutu, wadda ake takawa ba ta ko ɗaga kai.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan kalma, ta auna ta da tunanin Bahaushe game da kwanciya, domin neman amsar wata tsohuwar tambaya: idan muka ga talaka ya yi shiru a kan halin da yake ciki, da me za mu gane ko haƙuri yake yi, ko kuwa zuciyarsa ce ta mutu? Tambayar ta wuce fagen nahawu, domin amsar da muka ba ta ita za ta nuna yadda za mu ɗauki mutanen da muka fito daga cikinsu, ko mu tsaya tare da su, ko mu kakkaɓe rigarmu mu ce su suka so.

Abin da ya faru a Jikwoyi

Garin Jikwoyi yana kan hanyar da ta tashi daga Nyanya ta bi ta Karu, ta wuce Kurudu da Orozo, ta nufi Karshi, a cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja. Asalinsa ƙauyen Gbagyi ne, waɗanda Hausawa suka fi sani da Gwari. Tun daga lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar sabon babban birni a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, musamman kuma bayan da aka dawo da mazaunin gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, ƙauyukan da ke wannan hanya suka riƙa cika suna batsewa da mutanen da birnin ke buƙatar guminsu amma ba ya da masaukinsu. Rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo jama'a, haka nan hana acaɓa a tsakiyar birni da aka yi a 2006 ya koro 'yan acaɓa zuwa gefe. A irin waɗannan garuruwa ne ƙaramin ma'aikaci da birkila da maigadi da ɗan garuwa suke kwana, su yi sammako su shiga cunkoson Nyanya, su dawo bayan duhu ya yi.

A cikin bazarar 2024 muka je Jikwoyi gaisuwar wani ɗan'uwa da ba ya jin daɗi, tare da wani abokin karatunmu, babban ma'aikacin gwamnati, wanda ya ɗauko mu a motarsa. Da rana tsaka muka iso wata mahaɗa, inda muka ga wasu samari 'yan acaɓa a gindin bishiya. Ɗaya daga cikinsu ya miƙe a kan babur ɗinsa, kansa a wajen kambu, ƙafafunsa a baya, ya rufe fuska da hula. Abokin namu ya nuna shi da baki, ya ce: “Dakta, ga mutanenka nan. An cire tallafin mai, an tsawwala kuɗin komai, shi kuwa ga abin da ya iya.” Daga nan sai ya juya harshe zuwa Ingilishi, kamar yadda mu 'yan boko kan yi idan za mu faɗi magana mai ɗaci a kan 'yan'uwanmu, ya ce mu al'umma ce “supine”, shi ya sa kowa ke hawa kanmu.

Da muka fito daga gaisuwa, sai muka ratse wajen saurayin. Kafin mu ƙarasa sallama ya riga ya diro, ya kama kan babur, yana cewa: “Sannu Alhaji, ina za a kai ka?” Muka ce ba hawa za mu yi ba, mun ga yana hutawa ne. Ya yi murmushi ya ce: “Baba, ai ba hutu ba ne, miƙe baya ne. Tun kafin assalatu nake kan hanya. In ban miƙe shi yanzu ba, anjima in ma'aikata sun taso ba zai ɗauke ni ba.” Ya ce babur ɗin ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi balas kafin ya san abin da ya rage masa, kuma daga abin da ya rage ne yake aika wa mahaifiyarsa a ƙasar Katsina. Da muka tambaye shi dalilin da bai shimfiɗa buhu a ƙasa ya kwanta sosai ba, sai ya ce wanda ya kwanta a kan babur, ba a sace shi a ƙarƙashinsa.

Ashe kwanciyar da aka fassara da mutuwar zuciya, gadi ce da tanadin ƙarfi. Amma ba za mu yi gaggawar cewa abokinmu ya yi kuskure gaba ɗaya ba, domin abin da yake kuka da shi akwai shi a cikinmu. Kuskurensa shi ne wajen gane mai cutar. Kafin mu kai ga wannan, ya kamata mu dubi kalmar da ya jefa.

Asalin kalmar da rassanta

Kalmar ta samo asali ne daga “supinus” ta harshen Latin, wadda ke nufin abin da ya karkata baya ko ya fuskanci sama. Ta shiga Ingilishi da ma'anar kwanciya wajen ƙarshen ƙarni na 15, kuma zuwa farkon ƙarni na 17 an riga an fara amfani da ita da ma'anar sakaci da kasala, ma'anar da dama can Rumawa sun san ta da ita. Kishiyarta ita ce “prone”, wato kwanciyar rub da ciki, kuma hatta masu harshen kan rikita su. Abin lura shi ne, ita ma kishiyar tana da ma'ana ta biyu, wato karkata ga aikata wani abu. Ke nan a tunanin Bature, wanda ya kifa ciki ya nufi wani wuri, ko da wurin ɓarna ne, amma wanda ya yi rigingine ya juya wa kowane aiki baya.

Sai dai kalmar tana da wasu rassan da ba na zargi ba ne. Rumawan dā sun yi amfani da ita wajen siffanta hannuwan mai addu'a, idan ya buɗe tafukansa ya fuskantar da su sama, kamar dai yadda muke yi bayan sallame salla. Har ila yau likitoci na amfani da ita ba tare da yabo ko suka ba, kuma a wajensu ne ake ganin cewa kwanciyar ita kanta ba ta da laifi. A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, a 1994 kuma aka fara gangamin kwantar da su rigingine, abin da ya sa mutuwar fuju'ar da kan ɗauke jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a ƙasar. Amma wannan kwanciya da ke ceton jariri, ita ake gargaɗin mai tsohon ciki a kanta, domin nauyin mahaifa kan danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, har ta ji jiri, shi ya sa ake ce mata ta kwanta a gefen hagu. Wanda ya suma ma a gefe ake juya shi, don kada harshensa ko amai ya toshe masa numfashi. A lokacin annobar korona ta 2020 kuwa, masu fama da numfashi rub da ciki aka riƙa kwantar da su. Kwanciya ɗaya, ga wani magani, ga wani guba. Abin dubawa shi ne wane ne kwance, kuma me ya kwantar da shi.

Akwai reshe na ƙarshe da za mu ajiye a gefe, domin za mu dawo masa. Malaman cocin Katolika, wajen karkasa jahilci, sun ware wani nau'i da suka kira “ignorantia supina”, wanda za mu iya fassarawa da jahilcin rigingine. Shi ne jahilcin mutumin da hanyar sani ke buɗe a gabansa, kuma sanin ya wajaba a kansa, amma bai ko motsa yatsa ba don ya sani. A wajensu irin wannan jahilci ba ya zama uzuri.

Kwanciya a idon Bahaushe

Bahaushe ya kula da kwanciya ƙwarai, har ya ba kowace iri sunanta: rigingine, rub da ciki, kwanciyar gefe, kishingiɗa. Amma bai ɗora wa kalmar rigingine nauyin zargi irin wanda Bature ya ɗora wa tasa ba. Idan aka ce wane ya yi rigingine, ba a faɗi komai a kan halinsa ba. In Bahaushe zai zagi malalaci, yana da kalmominsa daban: rago, mai son jiki, ci-ma-zaune, ci-ma-kwance, mai mataccen zuciya. Kalmar kwanciya kuwa ta yi rassa ta kowane ɓangare. Kwanciyar hankali ita ce abin da kowa ke roƙo. Kwantar da kai ladabi ne. Kwantai shi ne hajar da ta rasa mai saye. Kwanton ɓauna kuma kwanciya ce wadda ba ta da haɗi da barci, domin mai yin ta ya fi na tsaye zama a faɗake. Wannan na nuna mana cewa Bahaushe ya san ba a karanta zuciya daga yanayin jiki.

Musulunci ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi. Kwanciyar da hadisi ya nuna ƙyama gare ta ita ce ta rub da ciki, kamar yadda ya zo a littattafan Abu Dawuda da Tirmizi. Ta rigingine kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta a cikin masallaci. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya karanta Ahalari, littafin nan na Shehu Abdurrahman al-Ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, ya san tsarin sallar mara lafiya: ya tsaya da kansa, in ya kasa ya jingina, in ya kasa ya zauna, in ya kasa ya zauna a jingine, sa'an nan ya kwanta a gefen dama, ko na hagu, ko a kan bayansa. Wato ko mutum ya kai matakin ƙarshe na rashin ƙarfi, ba a sauke masa salla ba, an dai sauƙaƙa masa siffarta. Daɗin daɗawa, a cikin Ihya'u na Imamu Gazali an jingina wa Imamu Shafi'i wani kashe-kashen barci gida huɗu, inda aka ba annabawa kwanciyar rigingine saboda tunanin da suke yi a kan halittar sammai da ƙasa, aka ba malamai da masu ibada gefen dama, aka ba sarakuna gefen hagu don abinci ya narke, aka bar wa shaiɗanu rub da ciki.

A nan akwai darasi babba ga tambayarmu. Tsarin Ahalari bai yarda mai iya tsayuwa ya zauna a sallar farilla ba, kuma bai ce wanda ya kasa ya bari ba. Ma'auninsa shi ne iko. Kwanciyar mai iko ɓata salla ce, kwanciyar mara iko kuwa ibada ce cikakkiya. Mai kallo daga bakin ƙofa ba zai bambanta su ba, sai ya shiga ya tambaya.

Makwanta uku a adabi

Adabin duniya ya ajiye mana mutum uku da suka shahara da kwanciya a kan bayansu, kuma kwatanta su zai taimaka mana. Na farko shi ne Oblomov, tauraron littafin da marubucin Rasha Ivan Goncharov ya fitar a 1859. Ɗan masu ƙasa ne, yana da gandu da bayi, yana da ilimi da kyakkyawar zuciya, amma kusan dukkan kashin farko na littafin a kan gado da kujera ya cinye shi. Wasiƙa ta zo cewa gandunsa na lalacewa, mai gida ya ce ya tashi daga hayar da yake, shi kuwa yana kwance yana tsara gyaran da zai yi wata rana. Ba wanda ya kayar da shi, shi ya kwantar da kansa, kuma gumin wasu ne ya saya masa katifar.

Na biyu shi ne Yarima Andrei na cikin babban littafin Tolstoy a kan yaƙi da zaman lafiya, wanda aka kammala a 1869. A fagen yaƙin Austerlitz na 1805 aka raunata shi yana riƙe da tuta, ya faɗi a kan bayansa. A wannan hali ne ya fara ganin sararin sama da girmansa, abin da bai taɓa lura da shi ba yana tsaye yana neman suna. Har Napoleon, wanda dā yake ganin babu kamarsa, ya zo ya tsaya a kansa, amma sai ya gan shi ɗan ƙaramin mutum. Shi an kayar da shi ne, amma faɗuwar ta buɗe masa ido.

Na uku shi ne Gregor Samsa na cikin labarin Franz Kafka na 1915, ɗan tallan kamfani mai ciyar da iyayensa da ƙanwarsa, wanda ya farka da safe ya tarar ya rikiɗa ya zama wani ƙaton ƙwaro, kwance a kan bayansa, ƙafafunsa na wutsil-wutsil a iska. Abin tausayi, damuwarsa ta farko ita ce jirgin ƙasan zuwa aiki ya wuce shi. Duk wanda ya taɓa ganin kunkuru ko ƙyankyaso a birkice ya san wannan hali. Ba ƙin tashi yake yi ba, ƙasa ce ƙafarsa ba ta samu ba.

Nahawun Hausa ya raba waɗannan uku cikin sauƙi: akwai wanda ya kwanta, akwai wanda aka kayar, akwai wanda aka birkice. Kalmar Ingilishi kuwa ta zuba su a ƙwarya ɗaya, ta kira su da sunan na farko. Wannan ne haɗarin aron kalma ba tare da an zazzage abin da ke cikin aljihunta ba.

Haƙuri da abin da ya yi kama da shi

A laccarsa ta “Mutumin Kirki” da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa haƙuri a cikin siffofin da Bahaushe ke auna nagartar mutum da su, tare da gaskiya da amana da kunya da sauransu. Babu shakka haka ne. Mun taso muna jin cewa haƙuri maganin zaman duniya, kuma mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Amma mu lura da karin maganar da kyau: mai haƙurin nan dafa dutsen yake yi. Ya nemo itace, ya hura wuta, yana zaune yana iza ta. Ba a ce ya kwanta yana jiran dutse ya dafa kansa ba. Kuma bakin da ya yabi haƙuri, shi ne ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Saboda haka dole mu yarda da abokinmu a kan abu ɗaya: akwai wani hali da ke sanye da rigar haƙuri alhali ba shi ba ne. Shi ne halin mutumin da za a ci amanar unguwarsu a gabansa ya ce Allah ya isa, ya koma gida, ran zaɓe kuma ya karɓi taliya da sabulu ya mayar da wanda ya ci amanar. Shi ne halin uban da ke da ikon sa ɗansa makaranta, ya ƙi, ya ce arziki na Allah ne. Malamai sun daɗe da raba tawakkali da jingina lalaci ga ƙaddara, suna kafa hujja da hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Wanda ya saki raƙumi ya kira sakacinsa imani, ya zalunci kansa, ya kuma yi wa addini ƙage.

To, da me za a raba su? A ganinmu tambayoyi uku sun isa. Ta farko, shin mai kwanciyar nan yana da ikon tashi? In babu, zarginsa zalunci ne, abin da ke kanmu shi ne mu miƙa masa hannu. Ta biyu, shin idonsa biyu? Wato ya san abin da ake yi masa, ya kira zalunci da sunansa ko da a zuci, ko kuwa ya fara ganin haka ya dace da shi? Mai haƙuri yana jin zafi, ya san kuma inda zafin ya fito. Mai mataccen zuciya ya daina ji. Ta uku, wa ke biyan kuɗin kwanciyar? Idan mutum ya haƙura da haƙƙinsa, wannan nasa ne, yana iya zama ma falala. Amma idan haƙƙin maraya ne, ko na ɗalibi, ko na mara lafiya da aka damƙa a hannunsa, to ba shi da ikon yin haƙuri da shi, domin ba a kyauta da kayan wani.

Tarihi ma bai goyi bayan masu cewa talakan ƙasar Hausa ba ya tashi ba. Manoma da makiyaya da almajirai ne suka bi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, da fartanya da gatari suka tarwatsa rundunar Turawa, ko da yake a wata mai bi an shafe garin daga doron ƙasa. Teloli da 'yan koli da ƙananan malamai ne suka riƙe jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, suka sha bulala da ɗauri saboda ita. A 1979 ƙuri'ar talaka ce ta ba PRP gwamnatin Kano da ta Kaduna. An fito kan titi a Janairun 2012, an sake fitowa a Agustan 2024, kuma an rasa rayuka. Wanda ya san wannan tarihi ya san cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ya kuma san cewa talaka ya auna abin da tashi ke ci, domin shi ne kullum ke biya da jininsa, mu kuwa mu rubuta maƙala a kai.

Wane ne a rigingine?

Yanzu sai mu ɗora tambayoyin nan uku a kan mutanen da suka haɗu a mahaɗar Jikwoyi. Saurayin acaɓa yana da ikon tashi, kuma ya tashi kafin mu rufe baki. Idonsa biyu, ya san farashin mai, ya san balas, ya san ɓarawo. Kwanciyarsa kuma ba ta ci haƙƙin kowa ba, bayansa kawai ya ara wa minti kaɗan. Ta kowace fuska, kalmar ba ta hau kansa ba.

Mu fa, da muke cikin mota? Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka yi niyyar ta rage wa mutanen wannan yanki azabar cunkoson Nyanya, an ba da kwangilarta a 2011, ta shafe fiye da shekara goma ba a gama ba. Takardun wannan aiki ba ta hannun 'yan acaɓa suka bi ba. Ta teburin masu digiri suka bi, masu taye da manyan riguna, waɗanda kowannensu ya ga fayil ya kwana, ya ce ba huruminsa ba ne. Unguwannin da suka dogara da rijiyar burtsatse da kurar ɗan garuwa, a gefen birnin da aka zana shi a takarda tun kafin a aza tubali, ba talaka ne ya manta da su a cikin zanen ba. Idan muka dawo gida jami'a, mu tambayi kanmu: sau nawa muka ga ana sayar wa ɗalibai takardun lacca dole, ko ana cin zarafin ɗaliba saboda maki, ko an zauna a kan kundin ɗalibi shekara da shekaru, muka sunkuyar da kai muka ce ba ma son rigima? Muna da ikon magana, albashinmu ba ya yankewa don mun yi ta, kuma wanda ke biyan kuɗin shirun namu ba mu ba ne.

A nan ne reshen da muka ajiye ya yi amfani. Jahilcin rigingine ba cutar wanda bai je makaranta ba ce, domin shi ba a buɗe masa ƙofa ba. Cutar mai ilimi ce, wanda tsakaninsa da sanin gaskiya bai wuce ya sauke gilashin mota ya yi sallama ba, amma ya gwammace ya yanke hukunci daga cikin sanyi. Oblomov na ƙasarmu ba a kan babur yake kwance ba. Yana zaune a ofis, a miƙe sambal, har yana sa hannu a takarda, amma zuciyarsa ta daɗe da yin rigingine. Ba mu cire kanmu daga wannan zargi ba, domin da abokinmu ya yi maganarsa a mota, dariya muka yi, sai daga baya kunya ta kama mu.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa kalmar “supine” ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba, wato yanayin jiki da yanayin zuciya, kuma Hausa da fiƙihun da muka karanta a zaure sun riga sun raba su. Ba muna cewa a jefar da kalmar ba ne, domin cutar da take nunawa gaskiya ce, kuma al'ummar da ta saba da ita ba ta ƙarko. Abin da muke cewa shi ne, kafin ɗalibi ko malami ya jefa wa wani ita, ya tsaya ya tambaya ko mutumin na da ikon tashi, ko idonsa biyu, da kuma wanda ke ɗauke da nauyin kwanciyarsa. Wanda aka birkice, a juya shi. Wanda aka kayar, a saurari abin da ya gani daga ƙasa, domin yakan ga abin da na tsaye ba ya gani. Wanda ya kwantar da kansa a kan haƙƙin wasu kuwa, a tashe shi, ko da shi ne mai riƙe da alli a gaban allo.

Da muka baro Jikwoyi da la'asar sakaliya, ma'aikata sun fara tasowa, mun hango saurayin nan ya goyo wata mata da buhun garinta, ya kutsa cikin ƙura ya nufi wajen Kurudu. Allah ya ba mu haƙurin masu dafa dutse, ya kuma tsare mu da barcin da ake yi ido buɗe, amin.